Bindiga na zo ɗauka, sai aka tura ni garaji

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa daga cikin waɗanda suka iso teburinmu a nan Yamai, kuma dukansu a kan shiga soja da kwanakin farko na yaron da ya sa kaki suke. Mun sakaya sunayen masu rubutun kamar yadda muka saba, mun kuma cire sunan rundunar da mai wasiƙar farko ya ambata, domin sojan da ke bakin aiki ba ya faɗin inda yake a shafin mujalla. Mai ba da amsa shi ne wanda kuka sani, tsohon soja mai muƙamin lajidan da ya ƙare aikinsa a ɓangaren motoci.

Tambaya ta farko, daga wani sabon soja ɗan Tawa:

Assalamu alaikum, Baba Lajidan. Shekaruna 21, kuma bana na shiga soja. Na gama horon farko, an gabatar da mu gaban tuta, iyayena sun zo tun daga Adar sun ga fareti, mahaifiyata har da hawaye. Na ɗauka daga nan sai bakin daga, domin abin da ya kawo ni ke nan, sai ga shi an kira lambata cikin waɗanda za a koya wa gyaran mota, aka kawo mu Yamai. Yau kwanana goma sha biyu, kuma in gaya maka gaskiya hankalina bai kwanta ba. Tun da na zo ban taɓa inji ba. Sharar garaji nake yi, da wanke kayan aiki da man gazuwal, da ƙirga su safe da yamma. Idan an shiga aji kuma Faransanci ake zubawa da sunayen ƙarafan da ban taɓa ji ba, ni kuwa tun kafin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji na bar makaranta. Shekaranjiya sarjan ɗinmu ya sa ni tsallen kwaɗo saboda kile mai lamba 13, ƙarfen kwance noti, ya ɓace a hannuna, alhali daga baya an same shi a ƙarƙashin mota. Abokan da muka yi horo tare suna aiko mini hotunansu da bindiga, suna kirana bakanike. Shin raina ni aka yi? Akwai hanyar da zan bi a canza ni, ko kuwa in haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa wa wannan kaki albarka, ya kuma saka wa iyayenka da suka yi tattaki don su ga ranarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini shi ne ka ƙirga kwanakin, ka ce goma sha biyu, domin wanda ya saki jiki da wuri ba ya ƙirga kwana. Bari in fara da abin da ke tokare maka ƙirji kafin mu shiga garajin, saboda ina ganin ka ɗora masa laifin da ba duka ne nasa ba.

Horon farko an shirya shi ne yadda kurtu ba zai sami sararin tunani ba. Ranar da ka shiga aka aske maka kai, aka karɓi kayan gida aka ba ka na gwamnati, sunan da aka raɗa maka ya koma lamba, daga nan kuma tun kafin assalatu har bayan lisha akwai mai daka maka tsawa: gudu, fareti, kwance bindiga da haɗa ta, rarrafe cikin ƙaya, gadi. Kana sa haƙarƙari a ƙasa barci ya ɗauke ka kamar an jefa dutse a rijiya. Duk wanda ya bi ta Tondibiya, sansanin nan na bayan garin Yamai da sunansa ke nufin baƙin dutse da Zabarmanci, ko ta wani sansanin horo na jihohi, ya san abin da nake faɗi. A wancan lokacin kewar gida tana nan, sai dai ba ta sami wurin zama ba. Yanzu da ka zo koyon sana'a tsawar ta ragu, kana zama kan benci na tsawon awa biyu, idan an tashi da yamma ka tarar da kanka a bakin gado kai kaɗai, ƴan ɗakin da kuka sha wuya tare an watsa su, wasu Difa, wasu Tilaberi, wasu Agadas. Sai abin da ka danne tsawon watanni ya taso maka lokaci guda, ka tuna furar gidanku da hirar ƙofar gida, kuma da yake garaji ne a gabanka sai ka ce shi ya jawo. Da makarantar rediyo aka kai ka, ko ta jinya, da irin wannan wasiƙar za ka rubuto mini, sunan wurin kawai zai bambanta. Nauyin nan yakan fara sauka ne ranar da aka damƙa maka aikin da ka ga sakamakonsa da idonka, ka murɗa makulli injin da ya mutu ya amsa.

Game da raini kuwa, ba a raina ka ba. Ba kuma zan yi maka daɗin baki in ce lalle wata baiwa aka hango a hannunka, domin rabon kurata iri biyu ne: wani lokaci akan duba karatun mutum da sana'ar da ya taɓa yi a gida, wani lokaci kuma gurbi ne ake son cikawa, a bi jerin lambobi a ɗebi adadin da ake bukata. Ko ta wace hanya ka faɗo, gurbin da ka cika na gaske ne. Tun da aka kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961 ba ta taɓa zama ta masu harbi kaɗai ba. Akwai masu gina hanya da gada, da masu sadarwa, da ma'aikatan jinya, da masu kula da abinci da mai da harsashi, har ƴan kwana-kwanan da ake kira a lamba 18 idan gobara ta tashi sojoji ne.

Ka ɗauki taswirar ƙasar nan ka duba da kyau. Faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Daga Yamai zuwa Difa ya fi kilomita 1,300 a kan kwalta, daga garinku zuwa Agadas wajen 400, daga Agadas zuwa Dirku kuma ya haura 600 cikin Tenere, inda babu kwalta, babu garaji, babu inuwa, sannan Madama tana can gaba kusa da iyakar Libiya. Kai ɗan Tawa ne, inda yankin tsaro na 4 yake da mazauni, ba sai na gaya maka nisan Tasara da Tiliya ba, ko yadda ƙasar Azawak take idan an bar babbar hanya. A irin wannan ƙasa sojan da motarsa ta mutu bai da maraba da matafiyin da raƙuminsa ya faɗi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance. Babu wanda ya harbe su. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Ka kuma tambayi manyanka labarin Cadi a 1987, lokacin da sojojinta cikin ƙananan motocin Toyota suka fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi a Fada a watan Janairu, suka ƙwace Wadi Dum a watan Maris, har yaƙin ya ci sunan motar. Ana yaba jarumtar waɗanda suka yi harbin, kuma sun cancanta, amma motocin nan ba da kansu suka ƙetare hamada ba. A yau ma, inda ake fama da kwanton ɓauna da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, motar da ta tsaya a tsakiyar ayari takan tsayar da kowa a wurin da bai kamata a tsaya ba.

Yanzu mu zo kan tsintsiya da ƙirgar kaya, waɗanda suka fi ba ka haushi. Ana sa sabon zuwa sharar garaji ne saboda daɓen da yake tsaf shi ke tona asirin mota. Idan ka share da yamma, da safe ka ga ɗigo a ƙarƙashinta, launinsa da wurin da ya faɗi za su gaya maka ko baƙin mai ne, ko ruwan radiyata, ko man birki, ko gazuwal, tun kafin ka buɗe komai. A daɓe mai datti ba za ka ga wannan ba sai ranar da motar ta ajiye mutane a daji. Wanke kayan aiki kuma shi ke sa hannunka ya san su, har ka kai ga miƙa hannu cikin duhu ka zaro kile 13 ba ka ɗauko 14 ba, domin gyaran daji sau da yawa da dare ake yin sa, kuma ba kullum ake yarda a kunna fitila ba. Ƙirgar safe da yamma dalilinta ɗaya ne: ƙarfen da ba ya cikin akwati yana wani wuri, kuma wurin yana iya zama cikin injin da za a tayar gobe, kusa da fanka ko bel. Ka ce an sami naka a ƙarƙashin mota, kamar wannan ya wanke ka. A wurin sarjan ɗinka shi ne ma ya tabbatar da laifin, domin ka tashi daga aiki ba ka san inda kayanka suke ba.

Zan ba ka nawa labarin, ko da yake ba na alfahari ba ne. Ina ƙaramin soja muka fita da ayari arewa da Agadas cikin bazara, kuma ni na canza tiyon ruwa na wata babbar mota a daren tafiya. Ɗan zoben ƙarfen da ke shaƙe bakin tiyon ban matse shi sosai ba, saboda barci nake ji. Da rana ta take tiyon ya zame, ruwan ya tsiyaye, inji ya ɗau zafi, ayari ya tsaya. Babu rijiya kusa, don haka daga ruwan shanmu aka ɗiba aka cika radiyata. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya zage ni. Mutane sun tsaya shiru suna kallon ruwansu yana shiga cikin ƙarfe, ni kuma ina riƙe da mazurari. Da tsallen kwaɗo ɗari aka sa ni da ya fi mini sauƙi. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Amma ina so ka bambance horo da zalunci, domin akwai masu fakewa da na farko su aikata na biyu. Tsalle, ko ƙarin gadi, ko hana fita ranar Lahadi saboda kuskuren da ka yi, wannan cikin aikin yake, ka yi shi ka wuce, kada ka riƙe kowa a zuci. Dukan da zai ji maka rauni, ko wani na sama ya riƙa karɓar wani abu daga albashinka, ko ya mai da kai yaron gidansa, wannan ba ya cikin dokar soja. Idan haka ta faru ka bi matakala: ka fara da na kusa da kai, idan shi ne mai laifin ka nemi ganin lajidan na kamfaninku, daga nan sai kaftin, idan kuma akwai rauni ka je wurin likitan bariki a rubuta shi tun yana ɗanye. Kada ka tsallake kowa ka kai ƙara wurin wani babban hafsa don ɗan garinku ne, saboda hafsan zai tafi wata rana, kai kuma ka zauna da waɗanda ka tsallake.

Faransancin aji shi ne damuwar da na fi ɗauka da gaske a wasiƙarka, domin ita ce ke kayar da yara masu hannu. Ko da yake a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, littattafan injuna har yanzu da Faransanci suke zuwa ko da Ingilishi, kuma da su za a yi maka jarrabawa. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne rabin kalmomin nan ka sha jin su a bakin masu garaji na tashar Tawa, sai dai harshe ya lanƙwasa su: buji, kulas, demarer, ambirayaj. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihun kakinka. Kowane ƙarfe aka ambata ka zana shi yadda ka iya, ka rubuta sunansa yadda malami ya rubuta a allo, a gefe kuma ka rubuta aikinsa da Hausa, sannan idan an fito ka je ka nemo shi a jikin mota ka taɓa shi da hannu. Sunan da ka taɓa mai shi da wuya ya gudu daga kanka. Ka nemi wanda ya fi ka boko a ɗakinku ku yi musaya, shi ya buɗe maka littafi da dare, kai ka taya shi da rana, domin sau da yawa mai karatun nan tsoron baƙin mai yake ji. Kuma ka yi tambaya a aji tun yanzu da kake sabo, lokacin da rashin sani ba abin kunya ba ne. Bayan wata uku tambayar da yau za a amsa maka da murmushi za a amsa ta da harara.

Abin da ke jiranka nan gaba ya fi shara daɗi nesa ba kusa ba. Za ka koyi karanta hayaƙi: baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a ƙasarmu mai ƙura matatar iska ce farkon abin zargi, shuɗi yana nuna inji na cin baƙin mai, fari mai yawa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Za ka gane dalilin da ya sa ba a tafiya da matatar iska mai huji ko na yini ɗaya, domin ƙurar da ta wuce ta tana cin cikin inji kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Za ka san cewa gazuwal ɗin da aka ɗebo daga tano, wato duro, yakan zo da ruwa da laka, ruwan ya kwanta a gindin matatar mai, kuma idan ba a zubar da shi ba famfon mai ne zai biya, shi kuwa ba a gyara shi a gindin ƙaya. Za a nuna maka yadda ake rage iskar taya idan an shiga rairayi don ta shimfiɗu ta daina nutsewa, da yadda ake mayar da iskar da zarar an hau dutse ko kwalta don kada tayar ta yi zafi ta fashe. Abu biyu kuma ka riƙe tun yau, kafin kowa ya koya maka: kada ka buɗe murfin radiyata inji na da zafi, kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Abokanka masu kiranka bakanike ka bar su su kira, ranar da motarsu ta ƙi tashi da wannan sunan za su neme ka. Bindigarka ba a karɓe ta ba. Za ka yi gadi, za ka je filin harbi, kuma idan ayari ya fita da kai za a fita, sai dai kai aiki biyu ne a kanka. Abin da ya kamata ka gaya musu shi ne su daina aika hotunan nan. Hoton soja a WhatsApp ko Facebook yana nuna fuskarsa, da irin motar da ke bayansa, da tudun da ke kusa da sansaninsu, kuma ba masoya kaɗai ke kallo ba.

Neman canji yana da hanyarsa, wato takarda a rubuce da za ta bi ta hannun shugabanninka ɗaya bayan ɗaya, kuma suna iya yarda, suna iya ƙi. Shawarata ita ce kada ka rubuta ta yanzu. Takardar wanda ya kwana goma sha biyu ana karanta ta ne a matsayin ta mai gudun aiki, ta wanda ya gama da sakamako mai kyau kuwa ana sauraronta. Kada ka kuskura ka faɗi jarrabawa da gangan don a sallame ka, kamar yadda wasu ke raɗa wa sababbi, domin abin zai zauna a cikin fayil ɗinka, ya tare maka gaba ranar da ake rabon igiya. Takardun ƙwarewar da za ka samu a nan suna cikin matakan da ake hawa zuwa kaporal da sarjan, idan kuma ka ɗaga karatunka akwai makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas da ake shiga ta hanyar gasa. Ka ba kanka wata uku, sannan ka sake rubuto mini ka gaya mini inji nawa ka tayar.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Tawa, wadda ƴarta ta rubuta mata:

Malam, ina gaisuwa. Yaron nan na wajena an ɗauke shi soja, yau mako uku ke nan da tafiyarsa horo, kuma tun ranar da ya ce sun isa ban sake jin muryarsa ba, salularsa a rufe. Maƙwabta suna ta faɗin maganganu, wannan ta ce yunwa ake bar su da ita, waccan ta ce wasu ba sa dawowa da lafiya. Ina so in shiga mota in je in gan shi, in kai masa abinci da ɗan kuɗi da wani taimako da aka haɗa mini na tsari. Me kake gani?

Amsa:

Hajiya, ina amsawa, Allah ya kwantar miki da hankali. Na lura ba ki kama sunansa ba, don haka na san ɗan fari ne, kuma kunyar da ta hana ki faɗin sunan ba ta hana ki kwana ido biyu ba. Shirun nan da kike ji shi ne abin da aka saba. A makonnin farko akan raba kurata da wayoyinsu don hankalinsu ya tattaru wuri ɗaya, kuma ko an bar masa ita ba shi da lokacin da zai danna ta. Da wani abu ya same shi da hukuma ta nemi gida, domin tun ranar shiga ake rubuta sunan wanda za a sanar. Yunwa kuwa yana jin ta, ba zan ɓoye miki ba, amma irin ta saurayin da ke gudu tun asuba ce, wanda ko tukunya aka ba shi zai kalli ta maƙwabcinsa. Zai dawo miki ya rame a fuska, ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe.

Kada ki yi tafiyar yanzu. Idan Yamai aka kai shi, ya fi kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne ki tsaya a ƙofar bariki a ba ki haƙuri, ko a fito miki da shi na ɗan lokaci, ya ga hawayenki ya koma ciki da zuciya biyu, abokansa kuma su samu abin tsokana har ƙarshen horo. Ki tara kuɗin motar don ranar gabatar da su gaban tuta, wadda ake gayyatar iyaye. Idan an buɗe hanyar aike, ki haɗa abin da ba ya lalacewa: cuku, ƙuli-ƙuli, dabino, ƴar ƙullin sukari, sabulu, da safa masu kauri guda uku ko huɗu, domin abin da ya fi wahalar da kurtu ƙafa ce, sababbin takalman nan suna saɓule fata, kuma safa busasshiya ta fi masa kilishi amfani. Kuɗi kaɗan ya isa. Mai yawa a ɗakin mutum da yawa fitina yake jawowa. Kada ki sa masa ƙwayoyin da ake sayarwa a faranti da sunan maganin gajiya, musamman tiramol, saboda yaran da yawa daga nan suka kama shi, kuma soja mai shan sa haɗari ne ga kansa da na kusa da shi. Idan kun yi magana ki ja masa kunne cewa zazzaɓi, ko jiri da ciwon kai cikin zafin rana, ko taurin wuya, ba abin daurewa ba ne, ya je wurin likita a ranar, domin zazzaɓin sauro da bugun rana da sanƙarau ba su san jarumi ba, kuma samari sukan ɓoye ciwo don kada a ce musu ragwaye.

Batun tsari kuwa, addu'arki ta uwa ki yawaita ta dare da rana, babu mai hana ki. Abin da nake tsoro shi ne irin taimakon da ake ce wa yaro idan ya ɗaura shi harsashi ba zai taɓa shi ba, domin na ga yadda yake sa saurayi ya miƙe tsaye a inda aka koya masa ya kwanta, ya ajiye hular ƙarfe don ta yi masa nauyi. Ranar da ya kira ki kuma, ki ba shi labarin damina da na ƙannensa, ki ajiye maganar bashi da rigimar gida sai ya fito, tun da ba abin da zai iya yi a kansu daga can sai rashin barci.

Tambaya ta uku, daga wani saurayi a Yamai:

Baba, ina son shiga soja. Wani mutum a unguwarmu ya ce in kawo jika ɗari biyu zai sa sunana a jerin waɗanda za a ɗauka. In ba shi?

Amsa:

Kada ka ba shi ko dala, ɗana. Ɗaukar soja ana shelanta ta a fili ta rediyo da talabijin, da sharuɗɗanta da wuraren ajiye takardu, kuma ban da ɗan abin da za ka kashe wajen haɗa takardunka babu kuɗin da doka ta ɗora maka. Irin mutumin nan yakan karɓa daga hannun mutum goma ya zauna a gida. Wanda ya ci da guminsa ya ce shi ya sa shi, wanda ya faɗi ya ce masa ya jira baɗi. Ka shirya takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, da shaidar karatunka, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a cikinsu duka, domin bambancin harafi guda ya sha mayar da mutane gida. Idan kana da wata cuta, kamar asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya, kada ka ɓoye ta ranar gwajin likita, saboda filin gudu zai tona ta a lokacin da ba ka so. Daga cikin kuɗin nan ka cire na takalmin gudu mai kyau, ka fara fita bayan sallar asuba tun gobe, ka ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda ka dawo, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako har ranar da za a yi shela.